Yadda na sayi mota mai shan dizal, daga gwajin asuba har zuwa takardu

Sana'ata sayen riɗi da zoɓo, kuma ina zaune ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Jahun. Da kaka ta kama ba na haɗa kwana uku a gida. Yau ina Gujungu, ranar Alhamis ina Maigatari, jibi na kama hanyar Kano don in ga masu saye a Dawanau. Manyan motoci ke ɗaukar kayan, ni kuwa ƙaramar mota nake bin su da ita saboda ciniki da karɓar kuɗi. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin fetur, tsohuwar motata ta zama abokiyar rabon riba. Duk sati sai na zauna na yi lissafi, in ga abin da ya tafi gidan mai ya kusa kamo abin da ya shiga gida. Wata Alhamis a Maigatari na haɗu da wani ɗan kasuwa da ya zo daga wajen Damagaram da Peugeot 406, irin wadda muke kira Fijo, amma ƙarar injinta ba irin wadda na sani ba ce, tana wata ƙwanƙwasa a hankali kamar ta tarakta ƙarama. Na tambaye shi, ya ce gas take sha, wato dizal, kuma tanki ɗaya yakan kai shi nesa ƙwarai kafin ya sake neman gidan mai. Tun daga ranar abin ya tsaya mini a rai. Na rubuta wannan ne domin na ɓata wata biyu da kuɗi masu yawa a kan abubuwan da da wani ya gaya mini tun farko da ban wahala ba.

Wanda na fara yi wa maganar shi ne kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Kano da Legas. Bai goyi baya ba da farko. Ya ce, "Ɗana, gas na babbar mota ne da injin niƙa. Ƙaramar mota mai gas idan ta lalace maka a ƙauyen nan, wa zai taɓa ta?" Maganarsa gaskiya ce, domin 406 ɗin da muka saba gani, har da waɗanda aka harhaɗa a Kaduna, masu fetur ne, kuma su makanikanmu suka iya. Ban da haka litar dizal ta fi ta fetur tsada. Amma da muka zauna da biro da takarda sai lissafin ya nuna cewa idan mota za ta yi tafiyar da tawa take yi da kusan rabin man, to ko da litar ta fi tsada akwai sauƙi ga mai doguwar tafiya irina. A ƙarshe Kawu ya ce in dai na dage, sharaɗinsa ɗaya ne, kada in ba da ko sisi sai na ji yadda motar ke tashi da asuba tana sanyi. Na ce to, amma ban riƙe maganar yadda ya kamata ba.

Zuwana Kano na farko, wani dillali da aka haɗa ni da shi ya kai ni wani wurin sayar da motoci bayan azahar. Motar tana tsaye a gaba, an wanke ta tas, an shafa wa tayoyin mai suna ƙyalli. Ya murza makulli sau ɗaya ta tashi, muka zaga cikin gari kamar minti goma, ban ji komai ba sai daɗi. Ya ce akwai wani Alhaji da zai zo da yamma da kuɗinsa a hannu. Zuciyata ta ɗauka, na ajiye naira dubu ɗari a matsayin kafin alƙalami, ba tare da mun rubuta cewa za a mayar mini ba idan aka samu matsala. Da na kira Kawu da daddare, tambayarsa ta farko ita ce ko na taɓa bonet kafin a tayar da ita. Sai a lokacin na tuna cewa da na jingina da gaban motar akwai ɗumi. Washegari na yi sammako, bayan sallar asuba ina bakin wurin tun kafin a buɗe. Aka yi ta murza makulli, injin yana juyawa yana ƙin kamawa, sai a karo na biyar ya tashi yana karkarwa, farin hayaƙi mai yaji a ido ya rufe bayan motar. Na ce na fasa. Aka yi ta ja-in-ja har hantsi ya dubi ludayi, da ƙyar da sa bakin wasu dattawan wurin aka mayar mini da dubu sittin. Dubu arba'in ta tafi, ga kuɗin mota da na kwana. Na koma gida raina a ɓace, kuma abin da ya fi damuna shi ne an gaya mini tun a gida.

Daga nan na gane cewa makaniki ya kamata in fara nema kafin mota. A nan ma akwai ruɗani, domin ba duk mai gyaran injin gas ne zai iya wannan ba. Masu gyaran tarakta da tsofaffin manyan motoci sun saba da famfon da ake gyarawa da hannu a kan tebur. Injin 406 mai alamar HDi kuwa na zamani ne, famfo ɗaya ne ke matse man a cikin wani bututun ƙarfe guda da ƙarfi mai tsanani, daga nan kwamfutar motar ke buɗe nozul huɗun, masu fesa man cikin injin, da lantarki, kowanne a daidai lokacinsa. Wanda bai da na'urar da ake jonawa a karanta abin da kwamfutar ke faɗa, lalube kawai zai yi. Wani direban asibiti ne ya yi mini kwatancen wani gareji a Kano inda ake gyaran motocin a-kori-kura masu dizal na hukumomi da ƙungiyoyi. Na je na sami maigidan, mutum mai ƙarancin magana. Na gaya masa buƙatata, ya ce, "Alhaji, zan duba maka, amma kuɗin dubawa dubu ashirin ne, ko ka saya ko ba ka saya ba. Kuma idan na ce ka bari, ka bari." Na amince. Kusan sati uku shiru, har na fara tunanin haƙura, sai ya kira ni ya ce wani dattijo da ke kawo masa gyara, tsohon ma'aikaci, yana son sayar da tasa domin idonsa ya yi rauni ba ya iya tuƙin nesa.

Mun isa gidan dattijon ƙarfe shida da rabi na safe, lokacin hunturu ya fara shigowa. Makanikin ya riga ya roƙe shi kada a tayar da motar. Ya ɗora tafin hannunsa a kan injin, ya ce in taɓa ni ma, sanyi ƙalau. Ya murza makulli rabi, ya nuna mini wata 'yar fitila mai kamar naɗaɗɗiyar waya a gaban direba, ya ce alamar hita ce. Injin dizal ba shi da fulogin da ke ba da tartsatsi irin na fetur, iska yake matsewa har ta yi zafin da man zai kama da kansa, shi ya sa a lokacin sanyi hita ke taimaka masa. Fitilar ta mutu, ya murza, bugu ɗaya ta tashi. Wani siririn hayaƙi ya fita na daƙiƙa biyu ya ɗauke. Ya sa ni na tsaya a bayan salansa ya taka totur da ƙarfi sau uku, yana yi mini bayani: baƙin hayaƙi mai kauri yana nufin mai ya fi iska yawa, ko nozul sun gaji ko iska tana zurarewa ta wani tiyo, shuɗi yana nufin injin ko tobo, wato abin da ke tura ƙarin iska cikin injin, na cin baƙin mai, fari mai yawa da safe irin wanda na gani a waccan motar yana nufin man ba ya ƙonewa. Sannan ya kwance murfin da ake zuba baƙin mai, ya ɗora shi a bakin ramin ba tare da ya murɗa ba, injin yana silo. Murfin ya ɗan yi rawa a wurinsa amma bai yi tsalle ba. Ya ce da injin ya mutu, da iskar da ke fitowa ta cillar da shi. Abin da ya fi burge ni shi ne gwajin nozul. Ya zaro ƙananan kwalabe huɗu da siraran tiyo, ya jona a inda ragowar mai ke komawa daga kowane nozul, aka bar injin yana aiki minti biyu. Muka durƙusa muna kallon man yana taruwa ɗigo-ɗigo. Uku sun yi daidai, na huɗu ya ɗan fi su kaɗan. Ya ce wannan bai kai a damu ba tukuna, amma in sa shi cikin lissafi wajen ciniki. Na'urarsa kuma ba ta nuna wani laifi mai girma ba.

Sai muka fita gwaji a kan hanyar Wudil, ni ke tuƙi, shi yana gefe, dattijon yana baya. A nan na fara fahimtar abin da ɗan Damagaram yake nufi. Motar ƙirar 2002 ce, injinta lita 2, silinda huɗu, bawul takwas, da tobo, ƙarfin doki 110, giya biyar ta hannu, tayoyin gaba ne ke ja. A takarda ƙarfin dokinta bai kai na 'yar uwarta mai fetur lita 2 ba, amma ƙarfin jan da take da shi ya fi, domin a ma'aunin ƙarfin ja da ake kira Nm, 250 take bayarwa tun allurar juyin injin tana kan 1,750, alhali mai fetur sai ta haura 4,000 kafin ta ba da nata, kuma bai kai wannan ba. A hanya ma'anar wannan ita ce ba sai ka yi ta sauya giya ba. Na zo bayan wata tirela a giya ta huɗu, na leƙa na ga hanya a buɗe, na ɗan taka kawai, sai na ji kamar an dafa bayana an tura, muka wuce ba tare da injin ya yi ihu ba. A giya ta biyar kan gudun kilomita 100, allurar ba ta wuce dubu biyu da 'yan kai ba, kuma ƙwanƙwasar da ake ji a tsaye ta ɓace, sai ƙarar taya da iska. Inda ta bambanta da abin da na saba shi ne idan allurar ta yi ƙasa da 1,500 tana da nauyin tashi, sai tobo ya kama take sakin jiki, sannan bayan 4,000 babu abin da za ka ƙara samu, gara ka sauya giya. Wajen laushi kuwa duk wanda ya taɓa shiga 406 ya sani. Ƙafafunta na baya kowace tana aikinta daban da hannuwa da yawa, shi ya sa take haɗiye gargada da ƙananan ramuka, kuma a kwana ba ta yin tangaɗi. Makanikin ya sa na taka birki da ƙarfi a wurin da babu kowa, ta tsaya a miƙe ba ta ja gefe ba. Ya kuma sa na kashe ta na sake tayarwa yana saurarar wajen kuloci, domin wannan samfurin yana da fulayiwil mai ɓari biyu, wato faifan ƙarfen da kuloci ke kamawa, da ke da tsada idan ya fara kaɗawa. Da muka dawo ya ce da ni a gefe, "Wannan ta yi. Amma bel ɗin taimin ban san yaushe aka sauya shi ba, mai ita ma bai tuna ba."

Ciniki bai yi tsawo ba. Dattijon ya sa miliyan uku, na kawo maganar bel da nozul da tayoyin baya da suka suɗe, muka tsaya a miliyan biyu da dubu ɗari bakwai. Wannan karon ban ba da komai ba. Na ce, "Baba, ka yi mini haƙuri kwana uku in tantance takardu, in sun yi daidai in biya gaba ɗaya." Ya ce hakan ya fi masa, ya miƙo mini wata tsohuwar jakar leda mai ɗauke da takardun kwastam, da shaidar mallaka, da lasisin mota, da takardar lafiyar mota, da inshora. A nan ne aikin haƙuri ya fara. Makanikin ya koya mini karanta lambar casis, wadda take da harafi da lamba 17. Ta Peugeot da aka ƙera a Faransa tana farawa da VF3, kuma a cikinta akwai haruffa uku da ke nuna irin injin: RHZ na mai ƙarfin doki 110 ne, RHY na mai 90. Wannan yana da amfani, domin akwai masu ɗora injin da ba na motar ba, ko su ce maka babba ce alhali ƙarama ce. Muka goge ƙura daga inda aka buga lambar a jikin ƙarfe, na haska da fitilar waya, ina karantawa ɗaya bayan ɗaya yana bi da yatsa a takarda. Ta kwastam ta yi daidai. Amma a lasisin mota, inda ya kamata a rubuta harafin B an rubuta 8. Shekara da shekaru ana sabunta takardar da wannan kuskuren babu wanda ya lura. Gabana ya faɗi, na ɗauka cinikin ya rushe.

Washegari na je ofishin kwastam na shiyyar Kano da Jigawa da kwafin takardun, domin a tabbatar an biya kuɗin fito a kan wannan lambar. Wannan mataki ne da mutane da yawa ke tsallakewa, kuma shi ne mafi haɗari, domin tun farkon 2017 aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, kuma mu da muke kusa da boda mun san motoci nawa ke yawo da takardun da ba su da tushe. Irin wannan motar ana iya karɓe ta a hanya ko shekara nawa ka yi da ita. Na rubuta buƙatata, na bar lambar waya, aka ce in dawo. Da na dawo aka tabbatar mini cewa takardun na gaske ne kuma an shigo da ita ta tashar ruwa tun da daɗewa. Na kuma sa ɗan ƙanina ya duba lambar motar a shafin intanet na hukumar kiyaye haɗurra, ya nuna irin motar daidai. Sai a lokacin na samu barci. Ranar biya muka zauna a zauren dattijon da shaidu biyu daga ɓangarensa, biyu daga nawa. Aka rubuta takardar ciniki da sunayenmu, da lambar casis da ta injin, da launin mota, da adadin kuɗi, kowa ya sa hannu, na karɓi kwafin katin shaidarsa da hotonsa guda biyu. Na tura kuɗin ta banki don ya zama akwai shaida. Da zai ba ni makulli sai ya shafa rufin motar ya ce, "Ka riƙe ta amana, ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba." Na ga idonsa ya kawo ruwa, ni ma jikina ya yi sanyi.

Sauya sunan mai mota shi ya fi cin lokaci. Da farko sai da muka je kotu tare da dattijon aka yi takardar rantsuwa guda biyu, ɗaya ta cewa ya sayar mini, ɗaya ta gyaran harafin nan. Mun isa ƙarfe tara, muka fito kusan azahar, na kashe abin da bai kai dubu goma ba har da buga takardu da hotuna. Daga nan na kai rahoto wurin 'yan sanda aka ba ni takardar da ke nuna ba a neman motar. Sai ofishin da ake yi wa motoci rajista, wanda sai da na je sau huɗu. Zuwan farko, tun daga bakin ƙofa wasu samari suka tare ni, kowa yana cewa in ba shi takardun zai gama mini a yini ɗaya. Ɗaya ya yanka mini kuɗin da daga baya na gane ya kusa ninka na gaskiya. Na ƙi, na shiga ciki da kaina na tambayi wani ma'aikaci, "Yallaɓai, wace taga ake fara zuwa?" Ya rubuta mini jerin abin da ake buƙata a bayan wata takarda. A ranar aka ce babu sabis, na zauna a benci daga ƙarfe goma har la'asar, na tashi ba a yi komai ba. Zuwa na biyu aka ce sai na kawo motar kanta jami'in duba lafiyar motoci ya ga lambar casis da idonsa saboda gyaran harafin, ni kuwa na bar ta a garejin Kano. Da an gaya mini tun ranar farko da na huta tafiya guda. Zuwa na uku na zo da ita, jami'in ya duba fitilu da birki da taya da hon, ya tambayi abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku, ya leƙa lambar ya sa hannu. Na biya kuɗin sauya suna da na sabuwar lamba da lasisi a banki, na dawo da rasit. Inshorar da doka ta wajabta, wadda ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, naira dubu goma sha biyar ce tun daga Janairun 2023, don haka duk wanda ya ce zai yi maka a dubu uku ko biyar takardar banza zai ba ka. Na yi tawa a ofishin kamfanin da kansa, kuma saƙo ya shigo wayata. Lambar ta fito bayan sati biyar, a tsakanin ina yawo da rasit da takardar wucin gadi. Gaba ɗaya harkar takardu ta ci mini kusan dubu casa'in, ban da kuɗin zirga-zirga.

A cikin wannan jiran ne aka yi mata babban sabis. Makanikin ya ce kada in kai ta ƙauye sai an sauya bel ɗin taimin, domin idan ya tsinke ana tafiya kan injin ne zai lalace. Muka shiga Ƙofar Ruwa tare, kuma na gode Allah da ban je ni kaɗai ba, domin kayan 406 sun cika kasuwar amma yawancinsu na mai fetur ne. Kayan jiki da ƙafafu da birki da fitilu kusan duk ɗaya ne, ana samunsu ko'ina da araha. Kayan injin dizal kuwa sai an bincika, shaguna kaɗan ke da su. Muka sayi bel da abin ɗaure shi da famfon ruwa, da matatar mai da ta iska da ta baƙin mai, aka yi juye da baƙin man da ya dace da injin dizal mai tobo, kusan lita huɗu da rabi, na sa tayoyi biyu sababbi masu lamba 195/65 R15. Duka da kuɗin aiki ya tasar wa dubu ɗari biyu da talatin. Wanda zai sayi irin wannan motar ya ware wannan kuɗin tun kafin ciniki, kada ya zuba duk abin da ke hannunsa a kan farashi.

Wahala ɗaya da na sha da ita bayan haka, mai ne ya jawo. Da damina ta faɗi, wata rana ina dawowa da daddare allurar mai ta yi ƙasa, gidajen man da ke hanyar ba su da dizal, sai na tsaya wurin masu sayarwa a durom a bakin titi, irin wanda ake saya wa injin niƙa da na ban ruwa. Na sha lita goma. Ban yi tafiyar kilomita ashirin ba motar ta fara shaƙewa, ƙarfinta ya ragu, fitilar gargaɗi ta kama, daga ƙarshe ta mutu kusa da wani kwalbati. Na kira makanikin, ya ce kada in sake murza makulli ko sau ɗaya. A nan na kwana cikin mota sauro yana cizo, da safe aka ja ta. Da ya kwance matatar mai ya zuba abin da ke ciki a gorar roba, muna kallo ruwa ya kwanta a ƙasa kamar kaurin yatsa biyu, man yana sama, ga wani laka-laka ja. Tsohon injin tarakta yana iya jure irin wannan man, amma famfon wannan motar da nozul ɗinta man ne kansa ke sa musu santsi, ruwa kaɗan ya isa ya cinye su. Allah Ya taimake ni na tsaya da wuri. Aka sauke tanki aka wanke, aka sauya matata, nozul na huɗun nan da dama yake da rauni shi ne ya tafi. Abin ya ci dubu ɗari da goma. Tun daga ranar nake shan mai a manyan gidajen mai biyu kawai inda tireloli ke sha, domin inda ake yawan saye man ba ya daɗewa a ƙasa. Ba na barin tanki ya sauka ƙasa da kwata, ina ajiye matata guda a but, kuma na koyi kwance ɗan dunƙulen da ke ƙasan matatar in tsiyaye ruwa duk bayan sati biyu.

Game da shan mai, na auna da kaina ba sau ɗaya ba. Tankinta lita 70 ne. Nakan cika shi har baki, in mayar da mita sifiri, in yi harkokina, in sake cikawa a famfo ɗaya. Awon farko na yi kilomita 620 da lita 41, wato kusan lita shida da rabi a kowace kilomita 100, da na'urar sanyaya mota a kunne rabin tafiyar. Tsohuwar motata takan sha lita goma zuwa sha ɗaya a kowace kilomita 100 a irin wannan hanyar. But ɗin Fijon yana ɗaukar buhun riɗi biyu na samfur da jakunkuna, kuma ko mutum biyar ne a ciki ba ta nuna gajiya a hawa. Rauninta a wurinmu shi ne ƙasa-ƙasa take. Daga bakin kwalta zuwa ƙauyenmu akwai burji da wani wuri mai yashi, kuma injin dizal yana da nauyi a gaba, don haka idan ka shiga yashin da sanyin jiki sai gaban ya nutse. Na koyi shiga da giya ta biyu ba tare da ɗaga ƙafa ba, na kuma sa an yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin saboda duwatsu. Idan na dawo daga doguwar tafiya ba na kashe ta nan take, nakan bar ta tana silo kamar minti ɗaya don tobo ya huce.

Wani malamin makaranta a garinmu ya zo yana son in nemo masa irinta, na hana shi. Tafiyarsa daga gida zuwa makaranta ce da masallacin Juma'a, injin ba zai ma gama ɗumi ba ya isa, kuma abin da zai rage a kuɗin mai ba zai biya masa gyara ɗaya ba, ga makanikin yana Kano. Mai fetur ta fi masa. Shi kuwa abokin sana'ata da ke zuwa Dawanau sau biyu a sati, na ba shi lambar garejin, na ce ya fara zuwa can kafin ya kalli kowace mota, ya kuma nisanci samfurin lita 2.2, wanda aka sa wa wata matatar hayaƙi a salansa da ke buƙatar wani ruwa na musamman. Kawu da kansa ya karɓi makullin ranar da muka je ɗaurin aure Haɗeja. Ya ja ta tun daga gida har can bai ce komai ba, sai da muka tsaya ya bar ta tana silo, ya kasa kunne wajen bonet, sannan ya tambaye ni kilomita nawa suka rage kafin juye na gaba. Na duba ɗan littafin da nake rubutawa a aljihun ƙofa, saura ɗari takwas.